Sunaye Arba'in da Uku

Likitar ta ɗiga wa Batulu maganin kashe zafi a idon hagu, ta ɗan jira, sannan ta ɗauko wani siririn ma'auni na roba mai zane-zane a jiki. Bai kai tsawon yatsana ba.

"Dubi sama," ta ce da Turanci.

"Ta ce ki dubi sama," na ce.

"Na ji ta, Malam. Ido ke ciwo, ba kunne ba."

Ta zura robar a hankali tsakanin fatar ido ta ƙasa da ƙwayar, har ta tsaya. Na damƙe kan sandata. Shekara arba'in da shida muna tare da matar nan, ban taɓa ganin an sa mata wani abu a ido ba in ba kwalli ba.

"Takwas," in ji likitar, ta rubuta.

Zoe sunanta. Baturiya ce, ba ta kai ɗana Taufiq a haihuwa ba, amma ba ta kewaye-kewaye, shi ya sa na yarda da ita. Ita ta fara bayyana mini ciwon yadda na gane. Tsakanin fatar ido da ƙwayar akwai ɗan aljihu, ɗaya a sama ɗaya a ƙasa, shi ke barin ido ya juya. Jikin Batulu ne da kansa ke yaƙar lallausar fatar da ke cikin aljihun, yana barin tabo. Tabon yana tsuke aljihun kaɗan-kaɗan har fatar ta manne da ƙwayar, gashin ido ya juya ciki yana kartar ta. Idon dama ya riga ya tafi. Shekara biyu GP, likitan unguwarmu, yana ba ta maganin ɗigawa yana cewa bushewar tsufa ce, ni kuma ina cewa ta rage kallon talabijin. Kowa da rabonsa a cikin laifin.

Na hagu ya rage. Da shi take gane fuskar jikokinta, da shi take ganin bakin tukunya.

"Takwas ɗin nan," na ce, "mai kyau ne ko maras kyau?"

"Ban sani ba, Mista Bara'u."

Raina ya ɓaci. "To me aka auna?"

Ba ta ji haushi ba. Ta jawo takardu biyu ta ajiye a gabana. Ɗaya awon lafiyayyun idanun Turawa ne, ɗaya na mutanen Indiya da Pakistan. Ta ce zurfin aljihun yana raguwa da shekaru, kuma ba lalle ya zama ɗaya a kowace al'umma ba. Na tsofaffi irinmu kuwa, abin da ke hannunta bai taka kara ya karya ba. In takwas ɗin haka Allah ya yi Batulu, to ba dalilin ɗora ta a kan magani mai ƙarfi, wanda ke karya garkuwar jiki, ga ta da ciwon suga ga ƙoda mai rauni. In kuwa da sha ɗaya ne ya sauko takwas, kowane wata aka jira asara ce, kuma abin da tabo ya ci ba ya dawowa. Idon fari ne tas, ba ja, amma ta ce ciwon nan yakan yi aikinsa ko ba ja.

"Sai mu jira wata huɗu mu sake aunawa," ta ce.

Aji uku na yi a makarantar ƙauyenmu. Amma shekara talatin da ɗaya na yi a masana'antar noti da ƙusa a nan Birmingham, kuma a can akwai ƙarfe ɗaya na asali da ake ajiyewa a akwati. Duk wanda muka ƙera, kusa da shi ake ɗora shi kafin a ce ya yi ko ya kauce. Likitar nan na asalin ne ba ta da shi.

"Mutum nawa kike so?"

Ta ce shekara guda ke nan tana nema, da izinin asibiti, da takarda manne a bango, mutum shida ta samu. Tana son kamar arba'in, waɗanda suka haura sittin, masu lafiyar ido. Minti goma kowa. Ba a ajiye suna, lamba kawai.

"Ba zan yi maka ƙarya ba," ta ce. "Awonsu ba zai warkar da ita ba. Zai dai ba ni abin da zan dogara da shi in yanke shawara yanzu, ba sai bayan wata huɗu ba."

"Zan kawo miki su."

* * *

Na faɗa ne don na san ina da su.

A 1977 na shigo ƙasar nan ina dafa wa wani babban ma'aikaci abinci da ya zo kwas. Ya koma, na zauna. Gidanmu na Handsworth shi ne masaukin duk ɗan Arewa da ya sauko jirgi bai san kowa ba. Sun kwana a falona. Sun ci tuwon Batulu lokacin da sai an je har Landan ake samun kuka da daddawa. Da suka yi aure matansu suka fara haihuwa, ba uwa ba goggo a kusa, Batulu ke shiga jirgin ƙasa da ƙullin kanwa da gero ta je ta yi musu wankan jego. Kwana arba'in take yi a gidan mutum. Ni in zauna ina cin burodi da shayi.

Dokta Salihu wata uku ya yi a falona a 1994, da jaka ɗaya da takalmi mai shan ruwa. Yanzu babban likita ne a Manchester, shi ne shugaban ƙungiyarmu ta 'yan Arewa. Matarsa Khairat sau uku ta haihu, sau uku Batulu ta wanke ta.

Walimar bayan Babbar Sallah ta ƙungiya a wani zaure ake yi a Rusholme, cikin Manchester, bayan layin gidajen abincin nan na Wilmslow Road. Taufiq ya kai ni a mota. Zauren cike yake. Shadda na ƙyalli, turare na tashi, yara na guje-guje suna Turancin da ko ni sai na kasa kunne. Likitoci da injiniyoyi da akantoci a teburan gaba. Can baya kusa da ƙofar kicin tsofaffi ne, iyayen da aka ɗauko daga gida, kowace da jariri a cinya ko kwalbar madara a hannu. Na ƙirga su da ido. Sun fi hamsin.

Salihu ya tare ni har da rusunawa. "Baba, sannu da hanya. Ya jikin Mama?"

"Shi ya kawo ni. Ba ni abin magana."

Ban yi dogon jawabi ba, ban iya ba. Na ce kun san Batulu. Idonta ɗaya ya tafi, ɗayan na hanya. Likita na son ta auna idon tsofaffinmu masu lafiya don ta san inda nata ya tsaya. Ba allura, ba yanka, ba a tambayar kowa takarda. Minti goma. Wanda zai kawo uwarsa ko ubansa ya rubuta suna.

Zauren ya ɗauki salati. Wata ta share hawaye. Salihu ya karɓi takardar ya fara rubuta nasa a sama, ya ce zai kawo mahaifiyarsa da surukarsa. Takarda ta zaga tebur-tebur.

"To, Baba."

"In sha Allah, Baba."

"Ai Mama uwarmu ce, ko ba ka zo da kanka ba."

Ta dawo hannuna da sunaye arba'in da uku. Na ninke ta huɗu na sa a aljihun gaba.

A hanyar komawa, da muka wuce rabin tafiya, Taufiq ya dube ni ta gefen ido. Sannan ya ce, "Baba, in za ka gaya wa likitar, ka ce mata goma."

"Arba'in da uku ne."

"Na sani. Amma wa zai ce maka a'a a gaban mutane? Kai ne fa."

"Da hannunsu suka rubuta."

"Baba, nauyinka suka ji."

"Tuƙa motarka."

A masana'anta, in mutum ya sa sunansa a takardar aikin Asabar, ran Asabar yana bakin injinsa. Haka na sani. Na daɗe a cikin ƙarafa har na manta yadda mutanena ke cewa a'a. Washegari na buga wa Zoe waya na ce mata arba'in da uku.

* * *

Ta ari ɗaki a wani asibitin ido a Manchester don kada tsofaffi su sha tafiya. Ranar hutunta ce. Ta taso daga Birmingham da ma'aikaciyar jinya ɗaya da akwatin ma'aunai, kowane a ledarsa. An jera kujeru a baranda. An ajiye shayi da biskit. Salihu ya sa ranar da wurin a dandalin ƙungiya na waya sau biyu, an yi ta turo masa hoton hannu na addu'a.

Ƙarfe tara na tsaya a bakin ƙofa da babbar riga. Ana yayyafi.

Tara da rabi motar haya ta sauke mutum biyu. Justina ce da mijinta Bobai, maƙwabtanmu na Handsworth, mutanen Kudancin Kaduna. Ba su cikin ƙungiya, ba su cikin takarda. A bakin shinge Justina ta ji maganar wurin Batulu.

"Malam, ka sha kwalliya kamar mai ɗaurin aure," in ji ta. "Ina jama'ar taka?"

"Suna hanya."

"To bari mu riga su, kafin layi ya yi tsawo. Bobai, cire gilashin nan, ba jarida aka ce ka karanta ba."

Aka auna su. Suka fito suna ƙifta ido, suka zauna shan shayi.

Goma ta yi. Sha ɗaya ta yi. Duk motar da ta rage gudu sai na gyara tsayuwa. Ma'aikaciyar jinyar ta fito ta dube ni ta koma, ta sake fitowa ta kawo mini kujera. Ban zauna ba.

Wajen sha ɗaya da rabi na hango wata dattijuwa ta sauko daga bas tana tura keken jariri, mayafinta ya jiƙe. Na gane ta, Hajiya Khaulat, mahaifiyar wani akanta. Ba ta jin Turanci ko kalma ɗaya. Takardar adireshin ta riƙa nuna wa direbobi har ta iso.

"Malam, ni ce ta ƙarshe ko?" ta ce tana haki. "Sai da na jira suka fita."

"Shigo, Hajiya."

Ta kai bakin ɗakin ke nan wayarta ta yi ƙara a cikin zani. Ta ɗaga. Ina jin muryar ɗan nata daga inda nake. "Mama, kina ina? Wa ya ce ki fita da yaron? Kada ki bari su rubuta komai. Ki tsaya nan, ga ni nan zuwa." Ta kashe. Ta dubi ƙasa.

"Ka yi haƙuri, Malam. A gidansa nake."

Ta juya keken ta fita ta tsaya a cikin yayyafi tana jiran sa. Ko cikin baranda ba ta yarda ta jira ba.

Na ciro wayata na kira Salihu. Sai a kira na uku ya ɗauka.

"Baba, wallahi yau I'm on call, asibiti na iya kira na kowane lokaci."

"Uwarka ma tana on call ɗin?"

Ya yi ɗan tari. "Baba, ka gane. Yawancin iyayen nan da bizar ziyara suke. Wata shida su koma, a sake dawo da su. Mutane na tsoron sunansu ya shiga system ɗin gwamnati, a fara tambayar me suke yi a nan, wa ke renon yara. Ka san yadda abubuwa suke yanzu."

"Likitar ta ce ba a ajiye suna."

"Na sani."

"Ka gaya musu?"

"Akwai kuma wani saƙon murya da ke yawo, wai gwajin magani ake yi a idon baƙar fata."

"Kai likita ne. Ka ƙaryata?"

"Baba, dandalin nan sai a hankali. In na yi magana sai a ce ina tare da su. Ga shi yau Asabar, yara na da swimming, na da ƙwallo, in an ɗauke kakanni wa zai zauna da ƙananan?"

"Me ya sa ka rubuta sunanka?"

Ya sake yin tari.

"Salihu, tambayar ka nake."

"Baba, ya za a yi ka miƙo takarda in ƙi?"

"Da ka ƙi, da na nemi wasu. Sati uku na zauna da takardarka a aljihu." Na buga sandata a ƙasa. "Sau uku Batulu ta wanke matarka. Da hannunta ta gasa mata jiki, tana tofa wa 'ya'yanka addu'a. Minti goma ta nema."

"Allah ya ba Mama lafiya," ya ce a hankali. "Za mu sa a yi mata saukar Alƙur'ani."

Na kashe wayar.

Na shiga ɗakin. Zoe tana zaune, ma'aunai arba'in da ɗaya na nan a ledarsu. Ban iya kallon fuskarta ba. Na jingine sanda na hau kujerar.

"Auna nawa. Shekarata saba'in da huɗu. Ko gilashi ba na sawa."

Ta haska fitila, ta kama fatar idona ta sama ta juya ta. Ta daɗe tana dubawa. Ta duba ɗayan.

"Ka taɓa ciwon ido kana yaro?"

"Kowa ya yi a garinmu. Amodari. Ya warke tun ban yi kaciya ba."

"Ya warke, amma ya bar tabo. Ga farin layi nan a ciki, ido biyun." Ta saki fatar. "Ba zan iya sa naka cikin lafiyayyu ba, Mista Bara'u. Yi haƙuri."

Na sauko. Abu ɗaya aka nema a wurina wanda ba sai na roƙi kowa ba, shi ma ashe ba ni da shi.

Ƙarfe biyu suka tattara kaya. Justina ta kwashe sauran biskit ɗin ta ce kada a yi asara. Muka hau bas ɗin komawa Birmingham, ni da ita da Bobai.

Da na shiga gida Batulu na zaune a kan sallaya. Ta juyo da gefen hagu, yadda take yi yanzu in za ta dubi mutum.

"Sun zo?"

"Sun zo."

"Duka?"

"An auna waɗanda aka auna."

"Alhamdu lillahi," ta ce. "Na san yaran nan."

Ban taɓa yi mata ƙarya ba sai ran nan.

* * *

Wata huɗu suka cika, muka koma. Ɗigo, jira, roba.

"Dubi sama."

Ban fassara ba.

Zoe ta duba zanen, ta fitar, ta sake zurawa ta duba.

"Shida," ta ce.

Ranar aka fara maganin mai ƙarfi. Yanzu duk sati biyu ana ɗibar jininta a duba ƙoda. Zoe ta ce da alama ciwon ya tsaya. Na tambaye ta ko biyun da suka tafi za su dawo, ko da na san amsar. Ta girgiza kai. Ba ta ambaci Manchester ba, ni ma ban ambata ba.

Labari ya kai ƙungiya. Wata Lahadi suka zo dubiya, motoci har ƙarshen layinmu. Kwandunan 'ya'yan itace, katan-katan na lemo, da wani ƙaton kati da kowa ya sa hannu, an rubuta addu'a da ƙananan baƙaƙe. Batulu ta riƙe shi a juye tana godiya. Ta ce a ɗora tukunya, ba za su koma Manchester da yunwa ba. Na fita bayan gida na zauna kusa da kwandon shara har na ji motar ƙarshe ta tashi. Taufiq ya leƙo sau ɗaya ya ce Dokta Salihu na son gaishe ni. Na ce ya ce masa ya gaishe da uwarsa.

Fatar idon hagun ta fara lanƙwasawa ciki. Gashi huɗu ko biyar ke juyawa su taɓa ƙwayar, in sun tsiro sai ta kasa buɗe idon. Ma'aikaciyar jinya ta koya mini cire su da hantsaki kafin ranar asibiti ta zagayo. Hannuna bai fara rawa ba tukuna. Duk bayan kwana uku, da hantsi, nakan zaunar da ita a bakin tagar kicin inda haske ya fi, in sa tawul a kafaɗarta.

An ce in riƙa ajiye gashin a kan farar takarda don in tabbatar na ciro shi da saiwarsa. Takardar da ke aljihuna nake shimfiɗawa. Ta yi laushi, ta fara yagewa a wajen ninkin, amma sunayen na nan.

Yau da safe ta ɗaga fuska tana jira, hasken taga na kan goshinta.

"Malam, Khairat ta bugo jiya. Wai 'yarta ta fari ta kusa haihuwa." Ta yi murmushi. "Na ce da idon nan na da ƙarfi da ni zan je wankan."

Na ɗauko hantsakin.

"Allah dai ya yi musu albarka. Duk aikin da ke kansu suka kwashi iyayensu suka kai. Ba kowa zai yi ba."

"Dubi sama," na ce.

Ta duba. Na kama gashin na ja, ta ɗan runtse. Na buɗe bakin hantsakin a kan takardar. Gashin ya faɗi a layin farko, kan sunan Salihu, fari, ɗan guntu, da saiwarsa. Na gyara mata tawul na nemi na biyu.